MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA KE MASA YOYO: ƘADDARA CE KO SAKACI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ke kora gizagizai zuwa inda Ya so, Ya rayar da ƙasa bayan ta bushe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, babu mutanen da suka san darajar ruwan sama kamar mu mazauna Tondikandiya da Kurfai da sauran ƙasar Filinge. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984 da idanunsu, waɗanda ba su kai su shekaru ba kuma sun ga yunwar 2005. Idan ruwa ya yi jinkiri, mukan fita bayan gari mu yi sallar roƙon ruwa, manya da yara, muna ƙanƙan da kai. To amma idan Allah Ya karɓa, malka ta sauka a watan Agusta, ruwan nan da muka roƙa shi ne ke ratsa rufin ɗaki da tsakar dare, ya ɗiga bisa shimfiɗa, ya jiƙa hatsi da tufafi, wani lokaci ya kayar da bango a kan masu barci. A irin wannan dare ana jin magana iri biyu a bakin mutane. Wani ya ce, “Haka Allah Ya ƙaddara,” ya sa tasa ƙarƙashin yoyon ya koma barci, baɗi ma haka. Wani kuwa ya shiga ƙorafi da ɓata ruwan, kamar ba shi ne ya ɗaga hannu yana roƙonsa ba. Tambayar da muke son mu duba ita ce: ɗakin da ke yoyo, ƙaddara ce da za a yi haƙuri da ita, ko kuwa sakaci ne da za a tambayi mai shi a kansa gobe kiyama?

Yoyo ba abin kunya ba ne

Mu fara da share wani zato. Wasu na ɗaukar yoyon ɗaki alamar fushin Allah, ko abin kunyar da ake ɓoye wa maƙwabta. Masallacin Manzon Allah (S.A.W.) a Madina, rufinsa na ganyen dabino ne, ginshiƙansa kututturan dabino. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa, da Bukhari da Muslim, sun ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri (R.A.) cewa an yi ruwa a wani dare cikin goman ƙarshe na watan Ramadan, rufin masallacin ya zuba, aka yi sallar asuba, shi Abu Sa'id ya ga alamar ruwa da taɓo a goshin Manzon Allah da hancinsa. Mafificin halitta ke nan, a wuri mai alfarma, cikin darare mafi daraja, ya yi sujada cikin laka saboda rufi ya yi yoyo. Saboda haka talakan da ɗakinsa ke zuba kada ya ga Allah Ya wulaƙanta shi, mai gidan siminti kuma kada ya ga ya fi shi matsayi.

Akwai kuma hadisin Anas ɗan Malik (R.A.), wanda shi ma Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wani mutum ya shigo masallaci ranar Juma'a, Manzon Allah na cikin huɗuba, ya kai kukan fari. Annabi ya ɗaga hannu ya roƙi ruwa, aka yi ta yi har mako guda. Juma'a ta zagayo, aka sake kai kuka cewa gine-gine suna rushewa, hanyoyi sun yanke. Annabi bai tsawata wa mai maganar ba, bai ce masa ya yi shiru tunda ruwa rahama ne. Sai ya roƙi Allah Ya karkatar da ruwan zuwa kewayen gari, kan tuddai da cikin kwaruruka da wuraren tsirowar itatuwa. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya: ba a zagin ruwa, kuma ba a zama a zuba wa ɓarnarsa ido. Ana neman a juya shi zuwa inda zai yi amfani. Wanda ya gyara indararonsa domin ruwa ya bar rufi ya nufi gindin itace, ya aikata da hannunsa irin abin da wannan addu'a ta nema.

Ta ina ruwa ke shiga?

Hukunci a kan abu yana biyo bayan saninsa ne. Masu auna ruwan sama suna cewa milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 800 ce ta sauka a kansa, wato cikin ganga huɗu masu cin lita 200. In indararo a buɗe yake, wannan ruwa duka zai wuce. In kuwa ya toshe da ganye ko leda ko sheƙar tsuntsu, ruwan zai kwanta a bisa, ƙasar rufin ta sha, ta yi nauyi, ta danne azara. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ku auna abin da azarar da gara ta riga ta cinye cikinta za ta iya ɗauka.

Rufin soro yakan tsage da zafin rani, iskar hunturu da ta bazara su zaizaye yaɓensa. Kakanninmu a ƙasar Hausa sun san maganin wannan: sabunta yaɓe kafin damina da ƙasa mai kyau wadda aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa, inda ake samun ɗorawa kuma a gama da makuba. Rufin kwano yakan zuba ta ramin ƙusar da ta yi tsatsa, ko ta inda iska ta ɗaga gefensa. Jinka kuwa shibcinta ke tsufa, sai an sake baibaya. Wanda ya fi duka haɗari shi ne ruwan da ke kwanciya a gindin bango, domin bangon ƙasa daga ƙasa yake mutuwa: ya sha ruwa, ya yi laushi, ya zauna. Garuruwanmu da yawa suna cikin kwarin Dallol Bosso, inda ruwan da ya gangaro daga duwatsun gefen kwari ke biyo ƙoramu ya nufo gidaje, gidan da aka gina kan tsohuwar hanyar ruwa kuwa, ruwa ba ya mance hanyarsa.

Ƙari a kan wannan, yanayin damina ya sauya. Wani bincike da masana suka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Mun ga gaskiyar haka a 2020, lokacin da kogin Kwara ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Yamai. Mun kuma gani a 2024, shekarar da ambaliya da rushewar gidaje suka kashe kusan mutum 400 a Nijar, suka shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen watan Oktoba. A farkon watan Satumba na 2024 ne tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwa. Ginin da ya isa ya tsare kakanninmu, yau sai an ƙara masa kulawa.

Iyakar ƙaddara da sakaci

Duk wanda ya dubi waɗannan sabubba zai ga cewa mafi yawansu ana ganinsu tun da rani, rana tsaka. Tsagar rufi ba a ɓoye take ba, garin itacen da gara ke zubowa daga azara yana nan a tsakar ɗaki kowace safiya. Shi ya sa Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Sanin nan shi ne hujja a kansa.

Mun yi imani cewa babu ɗigon ruwan da ke sauka face da ƙaddarar Allah. Amma shi ma gyaran rufi yana cikin ƙaddarar Allah. Lokacin da Sayyidina Umar (R.A.) ya nufi Sham, ya iske labarin annoba a wani wuri da ake kira Sarg, ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa daga wata ƙaddarar Allah ake gudu zuwa wata ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya iske gefen kwari ɗaya da ciyawa, ɗaya a bushe: duk inda ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Haka nan Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya umurci mai raƙumi ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Annabi Nuhu (A.S.), da Allah Ya yi masa alkawarin tsira, sai da ya sassaƙa jirgi da hannunsa tun ruwa bai zo ba, mutanensa suna yi masa dariya.

Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Mutumin da ya yi yaɓe, ya share indararo, ya tokare azara, sai ruwa ya fi ƙarfin ginin, wannan musiba ce ta same shi, haƙurinsa ibada ne, kuma babu mai ikon ya zarge shi. Wanda kuwa ya wuni watannin rani a gindin itace, yana da lafiya, ƙasa na nan kyauta a bayan gari, matarsa ta nuna masa tsaga sau uku yana cewa sai gobe, to ranar da ɗakin ya zuba, faɗinsa “haka Allah Ya so” gaskiya ce da yake son ya rufe laifinsa da ita. Kalmar ɗaya ce a bakin mutum biyu, ɗaya ya sami lada da ita, ɗaya ya ƙara wa kansa nauyi.

Wani ɗalibi zai iya kawo hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Manzon Allah ya wuce Abdullahi ɗan Amru (R.A.) yana gyaran wata bukka tasu da ta lalace, sai ya tunatar da shi cewa ajali ya fi wannan aiki gaggawa. Ashe wannan bai nuna barin gyara ya fi kusa da gudun duniya ba? Amsa ita ce, Annabi bai hana shi gyaran ba, ya dai farkar da zuciyarsa kada aikin hannu ya mantar da ita mutuwa. Shi ne kuma Annabin da ya ɗauki tubali da kansa wajen gina masallacinsa, ya gina wa iyalansa ɗakuna, ya yi hani ga kwana bisa soron da ba shi da katangar da za ta tare mai barci. Gudun duniya a zuciya yake. Mutum na da ikon ya zaɓar wa kansa kwana cikin ɗigon ruwa, amma ba shi da ikon ya zaɓar wa jaririn da ke kwance a ɗakin, wanda sanyi zai kama wa ƙirji da safe.

Idan dare ya yi, ɗaki ya fara zuba

Shari'a ta jera abubuwan da take karewa, ta sa rai gaba da dukiya. Wannan jeri shi ne jagoran mai gida a daren malka. Idan ɗigo ne kaɗan a wuri ɗaya, a tara tasa ko bokiti, a janye shimfiɗa, a ɗaga hatsi da Alƙur'ani da littattafai da takardun gida daga ƙasa, a lulluɓe su da leda. A fita da fitila a duba indararo: in ba ya zubar da ruwa alhali ana sheƙa shi, to ya toshe, a zura masa doguwar sanda daga ƙasa. A ja ƴar hanya da hauya domin ruwa ya bar gindin bango. A sa alama a inda ya zuba, domin da safe idan ya bushe ba a gane wurin.

Amma idan ƙasa ta fara zubowa daga rufi gunduwa-gunduwa, ko azara tana ƙara, ko bango ya yi jiƙo daga ƙasa har ya tsage, ko ƙofar da ke buɗuwa cikin sauƙi ta cije, to lokacin tara tasa ya wuce. A fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya nan take, a bar kaya. An sha samun wanda ya fita lafiya, ya koma ɗauko buhu ko akwati, ɗakin ya rufta da shi. Kada kowa ya hau soron da ya sha ruwa cikin dare ana walƙiya, domin nauyinsa na iya zama abin da ya rage rufin ya faɗi, ga kuma tsoron tsawa. Inda akwai wutar lantarki, a kashe ta in ruwa ya kusanci waya. Kuma kada kunya ta hana mutum ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ko ya kai iyalinsa masallaci su fake.

Addinin da ya sauƙaƙa ibada saboda ruwa ba zai so a halaka rai saboda buhun gero ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ambaci rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a masallaci a daren ruwa, Mukhtasar na Shaihu Khalil kuma ya ƙidaya ruwa mai ƙarfi da taɓo mai yawa cikin uzurorin da ke halatta barin zuwa Juma'a. Bukhari ya ruwaito cewa Ibn Abbas (R.A.) ya umurci ladaninsa a wata Juma'a mai ruwa ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu. Wanda ya tsaya gida domin ya tsamo iyalinsa daga ɗaki mai shirin faɗuwa, bai bar wajibi ba, wajibin da ya fi gaggawa ya riƙa.

Haƙƙin wa ke kan wa?

Rufi ba al'amarin mutum ɗaya ba ne. Mazauni yana cikin abin da shari'a ta wajabta wa miji ga matarsa, tare da ci da tufafi, gwargwadon halinsa. Wanda ya rufe ɗakinsa ko na amarya da sabon kwano, ya bar uwargida da ƴaƴanta suna kwana tsaye da ƙwarya a hannu, ya sani adalci tsakanin mata bai tsaya ga rabon kwana ba. Masu tafiya cin rani Nijeriya ko Gana ko Kodebuwa, su lissafa kuɗin yaɓe cikin saƙon da suke aikowa, kuma su aiko tun watan Afrilu ko Mayu, tun magina ba su koma gona ba.

Game da gidan haya, fiƙihunmu ya yi magana a kan yoyo da sunansa. Abin da Shaihu Khalil ya tafi a kai shi ne, ba a tilasta wa mai gida yin gyara, amma idan aibin mai cutarwa ne kamar zubar rufi, ɗan haya yana da zaɓin ya warware haya ya tashi, in kuwa ya zaɓi zama, kuɗin haya na kansa. Wannan hukuncin alƙali ne. Amma mai gidan da ya san ɗan hayarsa ba shi da inda zai koma, yake karɓar kuɗi kowane wata yana kawar da kai ga yoyon, ya tsira a gaban alƙali, saura tambayar da ke gaban Allah.

Sai maƙwabci. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin Muwaɗɗa, a kanta malamai suka gina hukunce-hukuncen gini. Wani magini na birnin Tunis, Ibn Rami, ya rubuta littafi guda a kan wannan fanni a ƙarni na 8 na Hijira, har da hukuncin indararo da magudanar ruwa. An ruwaito a Musnad na Imam Ahmad cewa indararon gidan Abbas (R.A.) ya zubo wa Umar ruwa mai ƙazanta a tufafinsa yana hanyar masallaci ranar Juma'a, sai ya sa aka cire shi. Da Abbas ya sanar da shi cewa Annabi ne ya kafa shi a wurin, Umar ya rantse sai Abbas ya taka bayansa ya mayar da shi. A cikin wannan labari akwai girmama abin da Annabi ya kafa, akwai kuma nuni cewa shugaba na da ikon kawar da indararon da ke cutar da masu wucewa. To ina hukuncin wanda ya juya nasa ya fuskanci bangon ƙasa na maƙwabcinsa, ko ya tara ƙasa a ƙofar gidansa ya kora ruwan unguwa duka zuwa gidan wanda ya fi shi rauni? Ya tsare ɗakinsa da rushe na ɗan'uwansa, kuma abin da ya lalace ta dalilinsa yana wuyansa.

Wanda ba shi da hali fa?

Duk abin da muka faɗa game da sakaci ya shafi mai iko ne. A cikinmu akwai gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, akwai tsohon da ba ya iya hawa tsani, akwai waɗanda rashin tsaro a jihar Tilaberi ya raba da garuruwansu suna zaune ƙarƙashin zana da tamfol. Yoyon ɗakinsu ba laifinsu ba ne. Idan akwai sakaci a nan, na jama'ar da ke kewaye da su ne, waɗanda ke ganin ɗakin kullum a hanyarsu ta zuwa masallaci. A cikin Suratul Kahfi, Allah Ya ba mu labarin bawanSa Halliru, wanda ya iske bango yana shirin faɗuwa a garin da aka hana su abinci, ya tayar da shi ba tare da karɓar lada ba, saboda na marayu biyu ne. Bai jira bangon ya faɗi ba sa'an nan ya zo jaje.

Mu kuwa mun fi ƙwarewa a jaje. Idan ɗaki ya faɗa wa mutum, gari duka zai taru, a yi sadaka, a kashe abin da ya ninka kuɗin yaɓen sau da yawa. Alhali muna da gadon gayya, kuma mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen Jenne a ƙasar Mali suna fitowa gaba ɗaya kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, shi ya sa yake tsaye tun 1907. Abin da ya tsare masallacinsu zai tsare ɗakin marainiya.

Saboda haka muna kira ga limamai da kwamitocin masallatai, daga Damana har zuwa Filinge da ƙauyukan da ke tsakani, su ware rana guda kafin faɗuwar damina. Dattawa biyu da magini ɗaya su zagaya unguwa, su ƙidaya ɗakunan marasa hali cikin sirri ba tare da tozarta kowa ba. Samari su kawo ƙasa da ruwa, masu amalanke su ba da aron ta, masu hali su sayi leda da ƙusa da itace. A fara da ɗakin da yara ke kwana. A kuma sanar a masallaci tun da wuri gidajen da za su karɓi maƙwabta idan dare ya ɓaci, domin kada mace ta tsaya cikin ruwa da goyo tana tunanin ƙofar da za ta buga.

Allah Ya sa ruwan da Yake saukar mana ya zama na albarka, Ya cika rumbunanmu, Ya tsare gidajenmu da rayukanmu. Allah Ya jiƙan waɗanda gini ya faɗa wa da waɗanda ruwa ya ci, Ya karɓe su cikin shahidai, Ya ba iyalansu haƙuri. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.